Ido Ba Mudu Ba Ne: Jan Hankali Ga Mai Son Rage Ƙiba

Gabatarwa

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan karin magana gaskiya ce a wurare da dama, domin uwargida kan dubi tukunya ta san gishirin da zai ishe ta, haka dillali kan dubi rago ya faɗi abin da zai yi a kasuwa. Sai dai akwai wuri guda da nake ganin ido bai san kima ba ko kaɗan, wato wurin auna abin da mutum ya ci da irin motsin da jikinsa ya yi a yini. A nan ido ɗan amshin Shatan ciki ne, abin da ciki yake so shi yake faɗa. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, duk wanda likita ya ce wa ya rage nauyi, ko shi da kansa ya ga bukatar hakan, to ya ajiye kintace ya koma ga awo da rubutu, kuma ya yi awon da ma'aunan da ke cikin gidajenmu. Zan kuma nuna cewa harshenmu yana da hannu a cikin wannan matsala, don haka mu ɗaliban harshe muna da rawar takawa wajen warware ta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami

Ina da wani kawu da ke sayar da hatsi a Kasuwar Muda Lawal da ke cikin garin Bauchi. Shekarunsa sun haura hamsin, kuma mutum ne mai jiki, irin wanda in ya shigo taro ake cewa Alhaji ya samu kwanciyar hankali. Da ciwon kai da jiri suka matsa masa sai ya je asibiti, aka auna shi aka ce yana da hawan jini, sukarin jininsa ma ya fara hawa. Aka ba shi magani, aka ce lallai ya rage nauyi. Ya dawo gida ya rage tuwon dare, ya daina cin kitse, amma bayan wata uku da ya hau sikeli sai ya tarar yana nan inda yake.

Ranar da na je gaishe shi na same shi ransa a ɓace. Ya ce da ni, "Ɗan nan, ni fa ba na cin komai. Ina jin ko ruwa na sha ƙiba yake sa ni. Ga shi kuma kullum ina kasuwa tun safe har magariba, ban huta ba." Na ce, "Kawu, da wani zai zo ya ce ka zuba masa gero mudu goma da ido, ba tare da awo ba, za ka yarda?" Ya yi dariya ya ce, "Wa zai yi wannan ganganci? Ai kafin wata guda na karye." Na ce, "To Allah ya ja kwananka, ga shi kai kuma shekara talatin kana yi wa cikinka awo da ido." Ya yi shiru. A nan muka shirya cewa yaron shagonsa zai riƙe ɗan littafi na kwana bakwai, duk abin da ya shiga bakin Kawu a rubuta shi nan take, in ban da ruwa.

Mene ne kalori?

Kafin in faɗi abin da littafin ya nuna, ya kamata mai karatu ya san abin da ake aunawa. Kalori ma'auni ne na ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, kamar yadda lita take ma'aunin man da ake zuba wa babur. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 wani masani Ba'amurke mai suna Wilbur Atwater ya fitar da lissafin da har yau ake amfani da shi: giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, giram ɗaya na sinadarin gina jiki, irin na nama da wake da ƙwai, shi ma 4, amma giram ɗaya na mai ko kitse yana ba da 9. Wannan ne ya sa babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yake ɗauke da kalori kusan 120, alhali ƙaramin cokalin sukari da ba a yi masa tozo ba yana da 16. Ɗanyar shinkafa giram 100 tana da kusan 360, amma in ta dahu ta sha ruwa, giram 100 na dafaffiyar ba ya wuce 130. Gyaɗa kuwa giram 100 ta haura 560.

A matsayin ƙiyasi na gaba ɗaya, akan ce babban namiji na bukatar kalori kusan 2,500 a rana, mace kuma 2,000, ko da yake abin ya danganta da shekaru da girman jiki da irin aikin mutum. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na wannan ƙarfi jiki yana ƙona shi ne ko da mutum yana kwance, wajen numfashi da bugun zuciya da aikin ƙwaƙwalwa da hanta. Kusan kashi 10 yana tafiya wajen narkar da abinci. Ragowar ita ce ta motsi. In abin da ya shiga ya fi wanda aka ƙona, jiki sai ya adana rarar a matsayin kitse, kamar yadda manomi ke zuba rarar hatsi a rumbu.

Yadda harshe ke ɓoye mana abinci

A nan ne nake son 'yan'uwana ɗaliban harshe su buɗe kunne. A Hausa muna da aikatau biyu, ci da sha, kuma rabon da muka yi musu ya wuce rabon abu mai tauri da mai ruwa. Bahaushe shan fura yake yi, da kunu da koko da shayi, har ila yau yana shan rake da mangwaro da lemo da kankana da alewa da zuma. To in likita ya tambayi mara lafiya, "Me ka ci jiya?" kuma mara lafiyan ya ce tuwo kawai ya ci da dare, bai yi ƙarya ba. Kwanon furar da ya sha da azahar, wanda gero ne da nono da sukari, bai shiga tambayar ba a nahawun Hausa, amma ya shiga ciki.

Na biyu, kalmar abinci ita kanta a bakinmu ta fi nufin tuwo da shinkafa da taliya da makamantansu. Gyaɗa da aya da dabino da awara da ƙuli-ƙuli ƙwalama ce, ko abin motsa baki. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce tun safe bai ci abinci ba, alhali bakinsa bai huta ba.

Na uku, muna da kalmomin ƙanƙantarwa da ladabi ya koya mana. Mukan ce na ɗan taɓa, na yi loma biyu, na sa albarka, na jiƙa maƙoshi. Duk wanda ya taɓa zama a majalisa ya san loma biyu tana iya kaiwa ashirin, kuma ɗan kasuwar da ya sa albarka a kwanon maƙwabta uku ya ci cikakken abincin rana bai sani ba. Haka abin yake a ɓangaren motsi. Kalmar tafiya ta haɗa wanda ya taka da ƙafa da wanda aka ɗauka a keke napep daga Yelwa zuwa Wunti. Dukkansu in sun dawo gida cewa za su yi sun sha yawo, kuma dukkansu za a yi musu sannu da gajiya.

A ƙarshe akwai yadda muke yabon jiki. In mutum ya ƙara nauyi mukan ce ya yi kyau, ya murje, hutu ya karɓe shi. In ya rage sai mu ce ya rame, mu tambaye shi ko lafiya. Har yau akwai 'yan matan da ke sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki kafin biki. Wanda ke ƙoƙarin rage nauyi a cikin irin wannan al'umma yana kokawa ne da cikinsa da kuma bakin jama'a.

Abin da bincike ya gano

Kada mai karatu ya ɗauka wannan rashin iya kintace na Bahaushe ne kaɗai. A shekarar 1992 Steven Lichtman da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa wani bincike kan mutanen da ke cewa suna cin ƙasa da kalori 1,200 a rana amma nauyinsu ya ƙi sauka. Aka bi diddiginsu na kwana 14 da ma'aunai na kimiyya, sai aka gano jikinsu na ƙona ƙarfi daidai da na kowa. Matsalar ita ce abin da suka ce sun ci ya gaza na haƙiƙa da kashi 47 cikin ɗari, motsin da suka ce sun yi kuma ya zarce na haƙiƙa da kashi 51. A 2002 wani binciken ya gwada ƙwararrun masana abinci su kansu, aka ga su ma lissafinsu ya gaza da kalori sama da 200 a rana, na waɗanda ba ƙwararru ba kuwa ya gaza da sama da 400. Ke nan in malaman abin sun yi kuskure, ina ga ni da kai.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, a 2008 aka wallafa sakamakon wani bincike da cibiyar Kaiser Permanente ta jagoranta a kan mutane kusan 1,700, inda aka ga waɗanda suka riƙa rubuta abin da suka ci kullum sun rage nauyin da ya ninka na waɗanda ba sa rubutawa. Alƙalami ba ya narkar da kitse, amma yana hana mutum yaudarar kansa, kuma sau da yawa wanda ya san zai rubuta abu yakan yi tunani kafin ya kai shi baki.

Littafin Kawu

Da kwana bakwai suka cika muka zauna da littafin. Ga abin da ke maimaita kansa kusan kullum, ban da abincin safe da na rana da na dare: shayi sau biyu a wurin mai shayi, kowanne da sukari cokali huɗu, fura da nono da azahar da sukari cokali uku, lemon kwalba babba guda ɗaya in rana ta take, sai soyayyar gyaɗa da yake ɗan watsawa a baki yana jiran masu saye, wadda da muka ɗora a sikeli ta kai giram 50. Sukari cokali 11 ya ba da kalori 176, in ma an ɗauka ba a yi wa cokalin tozo ba. Lemon kwalba da yawa na ɗauke da sukari kusan giram 10 a kowane mililita 100, don haka kwalba mai rabin lita tana da giram 50, wato kalori 200. Gyaɗar kuma kusan 290. Jimla 666 ke nan, fiye da rubu'in abin da babban namiji ke bukata a yini, kuma ba mu lissafa madarar shayin ba, ba mu lissafa ita kanta furar da nonon ba. A wurin Kawu duk wannan sunansa ban ci komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, wato kusan giram 50. Kwalba ɗaya ta cinye wannan kaso.

Sai kuma masa, wadda Kanawa ke kira waina, abin alfaharinmu mutanen Bauchi. Ba na cikin masu zagin masa. Amma a tuna shinkafa ce da sukari, kuma kowane gurbi na tanda sai an zuba masa mai kafin a zuba ƙullu. In masa goma suka sha mai babban cokali biyu kacal, an samu kalori 240 daga man kaɗai, kafin a zo ga shinkafar da miyar taushen da ƙulin da aka barbaɗa.

Gajiya ba awon motsi ba ce

Da muka duba wayar Kawu, wadda ke ƙirga taku ba tare da ya sani ba, sai muka ga yawancin ranaku bai kai taku 3,000 ba. Babur ke kai shi kasuwa, yara ke ɗaga buhu, shi kuwa yana kan benci yana ciniki da lissafi. Gajiyarsa ta gaskiya ce, amma ta rana ce da surutu da tunani. Kakanninmu da suka zauna cikin ganuwar da aka gina bayan Malam Yakubu ya kafa garin nan a 1809, da ƙafa suke fita ta Ƙofar Ran ko Ƙofar Wunti su je gona su dawo, matansu kuma su yi daka da surfe da jan ruwa. Tun da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976 gari ke faɗaɗa, inji ya karɓi aikin turmi, babur ya karɓi aikin ƙafa, amma malmalar tuwo ba ta ragu ba.

To sai dai a nan ma akwai tarko. Matasanmu da yawa yanzu suna ɗaura agogon hannu mai auna motsi, ko su sauke manhaja a waya, ta riƙa gaya musu sun ƙona kalori kaza. A 2017 masana a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan agoguna guda bakwai a jikin mutum 60. Wajen auna bugun zuciya shida daga ciki sun yi kyau ƙwarai, amma wajen ƙiyasta kalorin da aka ƙona, wanda ya fi kowanne daidai ya yi kuskure da kashi 27 cikin ɗari, mafi muni kuma da kashi 93. Kafin nan, a 2016, wani bincike na Jami'ar Pittsburgh ya bi matasa sama da 470 na shekara biyu. Waɗanda aka ba na'urar auna motsi sun rage kilo 3.5, waɗanda ba a ba su ba sun rage kilo 5.9. Wannan ya isa ya nuna cewa ɗaura na'ura ba ya tabbatar da komai. Hatsarin da nake hangowa shi ne mutum ya zagaya filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa da safe, agogo ya ce masa ya ƙona 500, shi kuma ya biya wurin mai masa ya karɓi ladansa.

Ga lissafin gaskiya: mutum mai kilo 70 in ya yi tafiyar sauri ta rabin awa, abin da zai ƙona bai fi kalori 150 ba. Ke nan kafin Kawu ya ƙona 666 ɗin nan sai ya yi tafiyar sama da awa biyu. Rage abin da ke shiga ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wannan ba ya nufin a bar motsa jiki, domin amfaninsa ga zuciya da hawan jini da ciwon sukari tabbatacce ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako. Shi kuwa taku 10,000 da ake ta yayatawa, asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da kamfanin Yamasa ya fitar a Japan a 1965. Wani binciken Jami'ar Harvard na 2019 a kan tsofaffin mata sama da 16,000 ya nuna amfanin tafiya ya fara bayyana tun daga taku 4,400, ya kuma daidaita a wajen 7,500. Don haka wanda ke 3,000 ya nemi 5,000 tukuna.

Masu ja da wannan ra'ayi

Na san wani zai ce, a wannan tsadar rayuwa da mutane ke neman abin sawa a bakin salati, wa ke ta ƙiba? Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma abin ya fi tsanani a Arewa. Amma shi wannan binciken ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. A gida ɗaya sai ka tarar da yaro mai tamowa da uwa mai hawan jini, domin abin da ya fi araha shi ne sitaci da mai da sukari. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas na fama da matsananciyar ƙiba. Kuma kuɗin lemon kwalba na wata guda, in aka karkatar da shi ga wake da ƙwai da zogale, yaran gidan ne za su amfana.

Wani kuma zai ce ƙirga loma halin marowaci ne, kuma mu a tire ɗaya muke ci. Amsata ita ce, abin kunya shi ne ka ƙirga wa baƙo loma. Ƙirga wa kanka bisa umarnin likita kuwa kula da amana ce. Daɗin daɗawa, koyarwar da muka tashi da ita ta raba ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi ita ma awo ce.

Na uku zai ce, tun da na'ura na kuskure kuma ƙwararru ma na kuskure, mene ne amfanin lissafin? Mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, amma ba mu taɓa jin an daina awo saboda haka ba. Abin da ake bukata shi ne ka riƙe mudu ɗaya kullum, ta yadda in ka rage za ka san ka rage.

Akwai dai gargaɗin da na yarda da shi. Mai juna biyu da mai shayarwa da yara, da wanda ke shan maganin ciwon sukari ko allurarsa, kada su rage abinci sai da shawarar likita. Wanda kuma lissafin ya zame masa waswasi, har yana tsoron abinci ko yana yini da yunwa da gangan, to ya ajiye littafin ya nemi likita. Shayin rage teɓa da ake talla kuwa, mafi yawansa gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita, kitsen na nan.

Yadda za a yi awon

Da farko mutum ya san inda yake. Likitoci kan raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita sau biyu. In sakamakon ya kai 25 nauyi ya wuce kima, in ya kai 30 ƙiba ta zama cuta. Alal misali, mai tsayin mita 1.7 da nauyin kilo 90 zai samu 31. Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar ko sisi: a sami zare a auna tsayin mutum, a ninka shi biyu, a zagaya shi a ciki daidai saman cibiya kaɗan. In zaren bai haɗu ba, teɓa ta wuce rabin tsayi, kuma hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Birtaniya ta shawarci manya tun 2022 da kada faɗin cikinsu ya kai haka.

Na biyu, a rubuta abu lokacin da aka ci ko aka sha shi, kada a bari sai dare. A sa ranar Juma'a da ranar biki da ranar suna a ciki. Na uku, a ware kwano ɗaya da ludayi ɗaya da cokali ɗaya, a ɗibi rabo daga tire kafin a fara ci, mai kuma a daina tuttula shi daga galan, a auna shi da cokali. Na huɗu, a yi amfani da waya wajen ƙirga taku da minti kawai, a yi watsi da kalorin da ta ce an ƙona. Na biyar, a hau sikeli ɗaya, da safe kafin a karya, a kwatanta mako da mako, domin ruwa da gishiri kan sa nauyi ya yi sama ko ƙasa da kilo ɗaya ko biyu a cikin yini. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saukar da ba ta cutarwa. In an yi mako huɗu sikeli da zare ba su motsa ba, to akwai abin da ke shiga bai shiga littafi ba.

Ba sai mutum ya koma kamar sanda ba. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 a kan mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, waɗanda aka ɗora kan shirin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a mako, hatsarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai fi kilo shida da ɗoriya ba.

Aikin da ke gabanmu

Manhajojin lissafin kalori da ke cikin wayoyinmu an gina su ne a kan abincin wasu ƙasashe. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta kuma faɗaɗa shi a bugun 2019, amma da Turanci da Faransanci yake, kuma a giram 100 yake magana. Gwaggona da ke Unguwar Jahun ba ta san giram ba. Ta san malmala da mara da ludayi da gwangwani da curin fura da ƙullin gyaɗa da tsinken tsire. Ina ganin babu aikin ƙamus da ya fi wannan amfani: ɗaliban Hausa su tattara waɗannan ma'aunai gida-gida, su haɗa kai da masana abinci na jami'o'i da na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a ɗora kowanne a sikeli, a fitar da ɗan littafi da Hausa, da boko da ajami. Mu kuma koya wa ma'aikatan lafiya, musamman waɗanda Hausa ba harshensu na farko ba ne, su riƙa tambaya da cewa me ka ci, me ka sha, me ka taɓa. Ga masu neman batun kundin kammala digiri, ga shi nan a ƙofar gida.

Kammalawa

Kawu bai daina cin masa ba, ranar Juma'a yakan ci guda biyar, kuma ya san biyar ɗin ne. Ya mayar da sukarin shayi cokali ɗaya, ya bar lemon kwalba sai in an yi baƙi, yakan kuma sauka daga babur tun kafin a iso kasuwa ya ƙarasa da ƙafa. A wata huɗu ya sauke kilo biyar. Yana nan yana shan maganin hawan jininsa kamar yadda likita ya ce. Abokan kasuwa sun fara tambayarsa ko lafiya yake ramewa, shi kuwa yakan ce musu lafiyar ce ta kawo haka.

Ya kai mai karatu, in a gidanku akwai mai cewa ko ruwa ya sha ƙiba yake, kada ka ƙaryata shi, domin iyakar abin da ya sani ya faɗa. Ka saya masa littafin rubutu da biro, ka zauna da shi bayan kwana bakwai ku duba tare. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.